Jinjina ga Mai Kuntigi

A tashar motar Keffi, har yau direban da ke jiran lodin Akwanga ko Jos ya san muryar Ɗan Maraya. Kafin a yanke Jihar Nasarawa daga Filato a 1996, ai ɗan jiharmu ne.

An haifi Adamu Wayya, wato Ɗan Maraya, a Bukuru a 1946, iyayensa suka rasu yana ƙarami, Sarkin Hausawan garin ya riƙe shi. Kayan aikinsa kuntigi ne kawai: ɗan gwangwani da aka rufe da fata, tsirkiya ɗaya tal. Babu 'yan amshi, babu ganga. Shi kaɗai yake tsayawa, yatsa na kaɗa tsirkiya, baki na faɗin gaskiya.

Abin da ya fi burge ni shi ne waɗanda ya zaɓa ya yi wa waƙa. Yayin da makaɗa ke rububin ƙofar fada, shi ya waiwayi karen mota, wannan yaron da ke hawa bayan lodi cikin ƙura ba wanda ya san sunansa. Ya caccaki auren dole da gulma, bai ji tsoron kowa ba.

Ya rasu a Jos ranar 20 ga Yunin 2015. Allah Ya jiƙan Ɗan Maraya, Ya sa ya huta.