Feshin ruwa zalla na kashe ƙwayoyin cuta? A dakata tukuna

Idan ka taɓa ganin mai albasa yana feshi a fadamun Sabon Birni ko Isa, ka san yadda ruwa ke fita ƙananan ɗigo kamar raɓa. To, wani bincike ya ce a fatar ɗigo ƙanana sosai, daidai inda ruwa ke haɗuwa da iska, ruwan na haifar da haidirojin farokisaid da kansa, wato sinadarin nan na wanke ciwo da ake sayarwa a kemis.

Richard Zare da abokan aikinsa na Jami'ar Stanford a Amurka ne suka wallafa haka a mujallar PNAS a 2019. Bayaninsu shi ne akwai ƙarfin lantarki mai tsanani a fatar ɗigon. A 2020 suka ƙara da cewa irin wannan feshi na kashe ƙwayar E. coli.

Ni dai ban gamsu ba, kuma matsalata da iskar ɗakin gwajin ce. Iska ba fanko ba ce. Himanshu Mishra na Jami'ar KAUST a Saudiyya ya maimaita gwajin a rufaffen akwati da aka kore iskar ozon daga cikinsa, ya wallafa a 2022. Sai farokisaid ɗin ya kusa ɓacewa. Ke nan ozon ce ke narkewa cikin ɗigon, kuma yawan ƙanƙantar ɗigo yawan fatar da za ta sha shi. A 2024 Mishra ya danganta ɗan abin da ya rage ga iskar oksijin da ke cikin ruwan da kuma jikin abin da ruwan ya taɓa. Ɓangaren Zare bai yarda ba, muhawara na nan.

Mu ɗauka ma Zare ke da gaskiya. Abin da suka auna kusan miligiram 1 ne a lita. Kwalbar kemis mai kashi 3 cikin 100 na da wajen miligiram 30,000 a lita. Ɗigonsu kuma bai wuce maikiromita 20 ba, bai kai kaurin silin gashi ba. Na famfon goyo ya ninka shi sau da yawa.

Saboda haka in damina ta zo da amai da gudawa, kada wani ya ce maka fesa ruwan tafki ko na Gulbin Rima zai tsarkake shi. Tafasa shi, ko ka sa kulorin.