Gidan Gem: Wa Yake Ci, Wa Ake Ci?

 Yau ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, wata magana ce da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, na ga gara in fito da ita mu taru mu duba.

Wata ranar Alhamis a nan Wurno na aiki babban ɗana, mai shekara goma sha ɗaya, da naira dubu ya kai mini niƙa ya biya ya sayo kayan miya. Tun hantsi yaron nan ya fita, har aka kira azahar babu shi babu dalilinsa. Ku kun san halin da muke ciki a wannan yanki namu, yaro ya ɓace awa uku ai uwa ba ta da sauran natsuwa. Hankalina ya tashi, na zari hijabi na fita nema. Can sai ga shi tafe, ƙwaryar niƙa a ka, ko taɓa ta ba a yi ba.

Na ce, "Kai, ina kat tsaya?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Inna, wallahi gem guda ɗai niy yi."

Guda ɗayan nan kuwa ita ta haifi 'ya'ya har kuɗin cefane suka ƙare. Ranar da gari muka kwana. Da fari na ɗauko bulala, sai kuma na ajiye, don na tuna ni kaina ban san mene ne abin da zan dake shi a kai ba. Bahaushe ya ce rashin sani ya fi dare duhu. Sai na sa ƙanena ya aro mini na'urar a wurin abokinsa, muka haɗa da talabijin, na zauna na kalla, har ma na karɓa na gwada. Abin da na gani shi ne zan faɗa muku, daɗinsa da ɗacinsa.

Mu da muka taso, iyakar saninmu da gem shi ne macijin nan na wayar Nokia, bayan wayar hannu ta shigo Nijeriya a 2001. Sauran wasanmu kuwa carafke ne da gaɗa da 'yar tsana, maza suna langa, manya suna dara a gindin bishiya. Yanzu ko a ƙauye za ki samu wani ɗan shago, galibi haɗe da wurin cajin waya, da janareta ko sola, da talabijin biyu ko uku da PlayStation, yara sun yi dafifi kamar ƙudaje sun ga mangwaro. Na'urar ta kamfanin Sony ce ta ƙasar Japan, kuma da yawa daga waɗanda ke zuwa mana tsofaffi ne da aka gama yayinsu a can. PlayStation 2 ma tun shekarar 2000 ta fito.

Wasan da ya fi cika shagunan nan shi ne na ƙwallo, wato PES na kamfanin Konami, wanda aka sake wa suna eFootball a 2021, da kuma FIFA, wanda shi ma ya koma EA Sports FC a 2023. Gaskiya ɗaya ce, wannan ban ga aibinsa ba. Mutum biyu ne suke zama kafaɗa da kafaɗa, kowa da ƙungiyarsa, ana dariya ana tsiya, minti goma an tashi. Akwai dabara a ciki, akwai saurin hannu da na tunani. Da na gwada, ɗana ya zura mini ƙwallo shida, ya yi ta dariya har da hawaye, rabon da in ga farin cikinsa haka na manta. Inda gizo ke saƙa shi ne ƙa'idar shagon, wai wanda aka ci shi zai biya. Yaro kuwa ba ya yarda a ci shi ya tashi, sai ya rama, garin ramuwa kuɗin niƙa su tafi. Daga nan sai manyan samari su fara ɗora kuɗi a kai, to kin ga an bar wasa an shiga caca.

Na biyu shi ne wanda yara ke kira GTA, musamman San Andreas da ya fito a 2004. A nan ne na riƙe baki. A matsayina na marubuciya, abin da na fara nema shi ne labarin, wane ne tauraro, me yake so, me zai samu a ƙarshe. Tauraron ɗan daba ne a wani birnin Amurka, aikinsa fizgo mutum daga mota ya gudu da ita, ya harbi wanda ya ga dama, ya tsere wa 'yan sanda. Matan da ke ciki kuwa, 'yan uwa, ba na son in ɓata bakina. Yawancinsu ado ne kawai na gefen titi, an ajiye su don a kalla ko a wulaƙanta. Su kansu Turawan da suka yi shi sun buga lamba 18 a jikin kwalinsa, ma'ana ba na yara ba ne. Mu nan kwalin ma ba ya zuwa, ana ɗura wasan ne kai tsaye a na'ura, ɗan shekara takwas ya biya kuɗinsa ya zauna, babu mai tambayarsa.

Na uku yana cikin waya, su Free Fire da PUBG. Free Fire na kamfanin Garena ne na Singafo, ya fito a 2017. Ana jefa mutum 50 a wani tsibiri, kowa ya nemi bindiga, a yi ta kashe juna har sai ɗaya ya rage. PUBG kuma mutum 100 ne. Ban ce wasan nan ne ya kawo mana 'yan bindiga ba, wannan masifa tana da nata tushen daban, kuma duk wanda ya ɗora wa waya laifin ya guje wa gaskiya. Amma ni mutuniyar gabashin Sakkwato ce. A watan Oktoba na 2021 an shiga kasuwar Goronyo an kashe mutane sama da 40. Wata ƙawata da ke aure can ta ce mini har yau in ta ji ƙarar harbi daga wayar ƙanen mijinta sai cikinta ya juya, ta ce, "Yaya, su wasa suka yi, ni ko tuna mini suka yi." Wanda ya ƙera wasan a ƙasarsa ƙarar bindiga nishaɗi ce a wurinsa. A wurinmu kuwa akwai gidan da ƙarar nan ta mayar da matan cikinsa zawarawa. Yaron da ya san sunayen bindigogi goma kafin ya iya jadawalin bakwai, ai dole uwa ta tsaya ta yi tunani.

Yanzu bari mu zo kan masu abin. Za ki ji ana cewa ai wasan kyauta ne. To 'yar uwa, kamfani ba ya kafa ofis ya biya ma'aikata don Allah da Annabi. Suna ba ki shiga kyauta, sannan su sayar miki da abin ciki, kamar riga da makami da lu'ulu'un da ake saye da kuɗi na gaske, ga kuma data da ke tafiya kamar ruwa a rariya. Akwai ma wata dabara ta akwatin sa'a, ka biya kuɗi ba ka san abin da zai fito ba. Ƙasar Beljiyam ta duba wannan a 2018 ta ce caca ce. Ita kuwa ƙasar Sin, wadda take da manyan kamfanonin gem na duniya, a 2021 ta taƙaita wa yara 'yan ƙasa da shekara 18 wasan intanet zuwa awa ɗaya a ranakun Juma'a da Asabar da Lahadi. In mai tuwo ya hana 'ya'yansa ci da yawa, ke mai saye ai sai ki yi hattara. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a 2019 ta sa jarabar gem cikin jerin cututtuka. Ba ta ce duk mai wasa marar lafiya ne ba. Wanda take nufi shi ne wanda ya kasa tsayawa, ya fifita wasan a kan sauran al'amuransa, ya ga yana cutuwa kuma ya ci gaba, har tsawon shekara guda.

Kada kuma mu yi ta nuna yara da yatsa mu manta da kanmu. Wace ce a cikinmu ba ta san Candy Crush ko Ludo King ba? Ni nan da nake rubutun nan, shinkafa ta taɓa kama mini ƙurmus ina neman wuce mataki ɗaya. Ki lura da yadda aka tsara Candy Crush, rai biyar za a ba ki, in sun ƙare ki jira rabin awa kafin ɗaya ya dawo, ko kuwa ki biya. Da gangan aka yi shi don ki riƙa leƙowa. Kamfanin da ya yi shi an sayar da shi a 2016 kan dala biliyan 5.9. Wannan dukiya daga ina ta taru? Daga 'yan mintocin mata irinmu ne da 'yan canjinsu a faɗin duniya. Na tuna lokacin da aka katse layukan waya a yankinmu a watan Satumba na 2021 saboda tsaro. Da na je Rabah gidan gwaggona, sai na tarar da 'yanmatan gidan sun dawo tsakar gida suna lido na kwali, ana musu ana shewa. Gwaggo ta ce, "Diyata, ashe yaran ga suna da baki?" Muka yi dariya, amma maganar ta zauna mini.

Duk da haka ba zan ce a rufe shagunan nan ko a farfasa na'urorin ba, kuma ina da dalili. Ina 'yar sakandare a 2007 aka tara littattafan Hausa irin waɗanda nake rubutawa yau aka cinna musu wuta a Kano, wai suna lalata tarbiyyar 'yanmata. An haɗa mai kyau da marar kyau an yi musu kuɗin goro. Alhali da yawanmu a cikin littattafan nan muka iya karatu, a nan muka fara sanin mace ma tana da ta cewa. Wanda aka yi wa haka bai kamata ya yi wa wani ba. Kuma mai shagon nan ɗan wata ne, sana'a ya kama maimakon zaman banza.

Babban ƙorafina shi ne, duk wasannin da na gani babu ko ɗaya da ya san da zamanmu. Babu mai kama da mu, babu mai jin yarenmu. Ga mu da dara, gurbi 30, kowa da 'ya'ya 12, wasan da ke wasa ƙwaƙwalwa fiye da harbe-harbe. Ga tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi. Ga tarihin Wurno kanta, ribaɗin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, inda kabarinsa yake tun 1837. Ga noman rani a bakin madatsar Goronyo, yadda manomi ke lissafin ruwa da taki da lokacin cire albasa. Duk waɗannan za su yi wasa mai daɗi. 'Ya'yanmu masu karatun kwamfuta a jami'ar Ɗanfodiyo, ina kuke? Mu marubuta muna da labari, ku kuna da fasaha. Yadda muka fara buga littattafanmu da kuɗin adashi ba mu jira kowa ba, haka ku ma za ku iya farawa.

Ni dai ga yadda muka yi da nawa yaron. Ranar Alhamis da Juma'a da yamma yana da kuɗin wasa biyu daga hannuna, na ƙwallo kawai, kuma kafin magariba yana gida. Na aika ƙanena ya yi magana da mai shagon cikin mutunci, ya kuwa yarda ba zai kunna masa na harbi ba. Kuɗin aike kuma amana ne, ranar da ya sake taɓawa, sati biyu babu gem. Ni ma na ɗauki nawa alƙawarin, in tukunya tana kan wuta, waya tana ɗaki.

Ke ma 'yar uwa, kafin ki yi hukunci, ki ce wa yaronki ya nuna miki abin da yake bugawa, ki zauna kusa da shi ko na minti goma ne. Abin da kika gani da idonki, shi za ki san yadda za ki yi da shi.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya zaunar da yankinmu lafiya, amin. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.