Waƙar "Sha Ruwa" ta Mamman Shata: Tsakanin Dandali da Kaset

Cikin waƙoƙin Alhaji Mamman Shata, wanda aka haifa a Musawa a 1923, ya rasu a Kano a 1999, babu wadda manazarta ke kauda kai gare ta kamar "Sha Ruwa". Mu kuwa muna ganin ta cancanci nazari, domin ta taskace mana wani ɓangare na rayuwar dare a biranen ƙasar Hausa.

Asalin waƙar dandalin shaƙatawa ne, inda ma'aikata da direbobi da fatake kan taru bayan an tashi aiki. Ruwan da mawaƙin ke nufi giya ce, ya sakaya ta. Wannan sakayawa ita ce ƙashin bayan salon waƙar: kowa ya san abin da ake nufi, amma ba a kama sunansa ba, kamar yadda mashayan kansu ke yi a gaban jama'a.

Shata ba ya rubuta waƙa. Nan take yake ƙulla ɗiyanta, kalangai na tashi, 'yan amshi na maimaita gindinta, shi kuwa yana duban wanda ya shigo da wanda ya yi kari. Saboda haka kowane zama da irin waƙarsa. Da aka naɗe ta, sai zama ɗaya ya daskare ya zama shi ne waƙar. Kaset ya kai ta tashoshin mota da shagunan tela, tun daga Kano har Mubi da Digil, wurin mutanen da ba su ga dandalin ba. Mai saurare a gida kalmomi kawai yake ji, ba ya ganin raha da zolayar da suka haife su, shi ya sa wasu ke ɗaukarta kiran jama'a zuwa ga shan giya.

Ba mu ce waƙar wa'azi ce ba, kuma addini bai bar shakka game da giya ba. Sai dai Ɗandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na uku kan Shata a 1975, Jami'ar Ahmadu Bello kuma ta ba mawaƙin digirin girmamawa a 1988. Idan muka karɓi Bakandamiya muka ɓoye "Sha Ruwa", rabin Shata muke koyar wa ɗalibanmu, da rabin tarihin biranenmu.