Haddar OBAFGKM ba ita ce sanin taurari ba

Littattafan koyon ilimin taurari da yawa suna da aibi ɗaya: su jera maka rukunan taurari, O, B, A, F, G, K, M, su ce ka haddace, shi ke nan. Ɗalibi ya ci jarrabawa, amma bai san me ya sa O ta riga A ba.

Ga dalilin. A Harvard ta Amurka, an fara jera haruffan ne bisa ƙarfin layukan haidirojin a hasken tauraro. A 1901 Annie Jump Cannon ta sake tsara su, a 1925 kuma Cecilia Payne ta nuna cewa zafi jerin yake bi.

Maƙerin Tudun Wadan Zariya ya san wannan: ƙarfen da ya yi ja bai kai wanda ya yi fari zafi ba. Haka taurari suke. 'Yan rukunin M jajaye ne, zafin samansu wajen digiri 3,000. Rana G ce, wajen 5,500. Manyan taurarin Kaza da 'Ya'yanta kuwa B ne, shuɗi-shuɗi, sun haura 10,000.

To malamai, a fara da maƙera da kallon sama, haruffa su biyo baya.