Kek ɗin Sarki: Daga Ƙwayar Wake zuwa Jaririn Roba

Kek ɗin sarki yana da lokacinsa. A New Orleans ta Amurka ana fara cinsa ne ranar 6 ga Janairu, ranar da Kiristoci ke tunawa da masanan da suka taso daga gabas suka kai wa jariri Yesu kyautar zinariya da lubban da mur a Baitalami. Linjilar Matiyu ba ta ce sarakuna ba ne, ba ta kuma faɗi yawansu ba; al'ada ce daga baya ta naɗa su sarakuna uku, sunan kek ɗin ya samo asali daga nan. Ana ci har ranar Mardi Gras, wato Talatar da ake ban kwana da maiƙo, wadda ke faɗowa tsakanin 3 ga Fabrairu da 9 ga Maris. Washegari Larabar Toka ce, farkon azumin kwana 40, sai a daina.

Siffarsa kamar gammo take. Kwaɓin burodi ne mai zaƙi da kirfa, a murɗe shi a haɗa bakinsa, a yayyafa masa sukari kala uku: shunayya, kore da ruwan zinariya. Ƙungiyar Rex, ɗaya daga cikin masu shirya faretin bikin Mardi Gras, ce ta zaɓi launukan a 1872, a faretinta na 1892 kuma aka ba su ma'ana: adalci, bangaskiya da iko.

Amma ruhin al'adar yana cikin abin da aka ɓoye a ciki. A Faransa, inda mutanen Luwiziyana, jihar da New Orleans take, suka gado ta, ƙwayar wake ake cusawa a da, daga baya aka koma ɗan mutum-mutumin tangaran, ko da yake har yau wake ake kiransa. In an zo rabo, autan gida ne ke shiga ƙarƙashin tebur, inda ba ya ganin wuƙa, yana faɗin wanda za a miƙa wa kowane yanki. Dabara ce mai kyau ƙwarai, domin ta toshe ƙofar son kai. Wanda haƙorinsa ya ci karo da waken ya zama sarkin yini, a ɗora masa kambin takarda, ko da bara ne a gidan. Masana da dama na ganin tushen wannan a bikin Saturnaliya na Rumawa, lokacin da ake naɗa sarkin wasa ta hanyar ƙuri'a. Ita kuwa fadar Elize ta shugaban Faransa, kek ɗin da ake kai mata babu wake a cikinsa, don shugaban jamhuriya ba ya zama sarki.

A New Orleans jaririn roba ne, wanda bai kai babban yatsa ba, ya gaji waken tun wajen tsakiyar ƙarni na 20. Wasu na ɗaukarsa alamar Yesu da aka ɓoye wa Sarki Hirudus mai neman kashe shi, wasu kuma alamar sa'a kawai. Sarautar dai da nauyinta take zuwa: wanda ya tsinci jaririn shi zai sayo kek na gaba, abin da ke sa ofisoshi da makarantu su yi ta zagaye kamar adashi har Talatar ƙarshe. A Meziko ma haka ne, sai dai can wanda ya tsinta yakan ciyar da jama'a da tamale, wani irin alalen masara da ake dafawa cikin ɓawonta, ranar 2 ga Fabrairu.