Conan tsakanin alƙalami da zane: shin gani ya kori ji?

Hausawa kan ce gani ya kori ji. Wannan magana tana da gaskiyarta a kasuwa da gaban alƙali, amma a fagen adabi akwai ja. Duk wanda ya karanta hikayoyin Conan kamar yadda Robert E. Howard ya rubuta su, sa'an nan ya duba littattafan zane da aka tsamo daga cikinsu, zai tarar cewa ido yakan sami abin da kunne bai samu ba, yakan kuma yi hasarar wani abu mai daraja.

Howard, mutumen ƙauyen Cross Plains a jahar Tekzas ta Amurka, ya fito da Conan a mujallar Weird Tales cikin watan Disamba na 1932, ya kuma kashe kansa a 1936 yana ɗan shekara 30. Sai a 1961 ne marubuci Fritz Leiber ya laƙaba wa irin wannan adabi sunan da ake kiransa da shi, wato hikayar takobi da tsafi. A 1970 kamfanin Marvel ya fara buga Conan the Barbarian, Roy Thomas yana tsara magana, Barry Smith yana zane. Jerin ya kai fitowa 275 kafin ya tsaya a 1993.

Abin lura na farko shi ne siffar jarumin. A hikayar da ya fara bayyana, Conan sarki ne na Akwiloniya, an kuma nuna shi zaune yana ƙara ƙasashen arewa a kan taswira. Howard ya ba shi wayo da baƙin ciki da raha, ya bi da shi ta sata da fashin teku da sojan haya. Amma tun daga bangayen littattafan da Frank Frazetta ya zana daga 1966, sa'an nan zanen John Buscema wanda ya gaji Smith a 1973, surar da ta zauna a zukatan jama'a ita ce ta ƙato mai ƙirar samudawa, da ɗan bante da takobi. Mujallar wata-wata tana bukatar jarumin da za a shaida tun daga bango, don haka ƙarfin tuwo ya rinjayi sauran halayensa.

Duk da haka, akwai inda zane ya yi wa rubutu adalci. A fitowa ta 4, cikin 1971, Thomas da Smith suka ɗauki The Tower of the Elephant, hikayar hasumiyar giwa ta 1933. Conan saurayi ne ɓarawo, ya hau hasumiyar boka Yara don satar wani dutse mai daraja. A ciki ya iske Yag-kosha, wata halitta mai kan giwa, makaho, wanda bokan ya shekara 300 yana azabtarwa. Maimakon tsoro, tausayi da kunya suka kama ɓarawon. Ya kashe halittar bisa roƙonta, bokan ya hallaka, hasumiya ta rushe, shi kuwa ya tafi hannu rabbana. Smith ya fahimci cewa zuciyar labarin tana cikin wannan tausayi, ya kuma zana Conan siriri, matashi, wanda fuskarsa ke iya nuna raunin zuciya. A nan gani ya taimaki ji.

Inda gizo ke saƙa shi ne abin da rubutu ya bari a duhu. Howard yakan ambaci abin tsoro da rabin baki, ya bar mai karatu ya ƙarasa da tunaninsa. Mai zane ba shi da wannan dama: dole ya ba dodo haƙora da farata, kuma da zarar an ƙidaya haƙoran dodo, rabin kwarjininsa ya tafi. Ga kuma dokar tace littattafan zane da mawallafan Amurka suka kafa wa kansu a 1954, wadda ta taƙaita jini da tsiraici. Mujallar Savage Sword of Conan, wadda ta fara fita a 1974 da baƙi da fari, ta kuɓuta daga dokar saboda ba ta cikin rukunin da ake tacewa. Inuwar tawada ta maido da wani ɓangare na duhun da launi ya kora.

Batu mafi nauyi ga mai karatu ɗan Afirka shi ne na launin fata. A Queen of the Black Coast ta 1934, Bêlit farar mace ce mai shugabantar jirgin ƴan fashi, mayaƙanta baƙaƙe suna ɗaukarta kamar abin bauta, suna kuma mutuwa rututu ba tare da an san sunan yawancinsu ba. Wannan tunanin zamanin Howard ne da muhallinsa, kuma a rubuce ma yana da ɗaci. To, amma abin da jimla ɗaya ta wuce da shi da sauri, zane yakan tsaida shi a shafi: ga gashin jimina, ga mashi, ga fuskoki iri ɗaya. Marvel ta ja labarin Bêlit daga fitowa ta 58 har ta 100, Thomas kuma ya ƙirƙiro Zula, baƙin jarumi mai hankali da ra'ayin kansa, wanda babu shi a wurin Howard. Gyara ne, ko da yake bai taɓa ginshiƙin labarin ba. Da kamfanin Glénat na Faransa ya ƙaddamar da nasa jerin a 2018, da wannan hikaya ya soma, ta hannun Jean-David Morvan da Pierre Alary, tambayar kuwa tana nan daram. Charles Saunders, baƙar fata haifaffen Amurka, ya zaɓi wata hanya: a 1981 ya wallafa Imaro, inda jarumi da duniyarsa duka suka tsiro daga tarihi da tatsuniyoyin Afirka.

Saboda haka biyayya ga asalin rubutu ba ta isa zama ma'aunin waɗannan littattafai ba. Marubuci yana iya yin shiru a kan fuskar matuƙin jirgi, mai zane kuwa tilas ya ba shi fuska, kuma alhakin wannan zaɓi yana wuyansa. Smith ya nuna cewa ana iya sa mai kallo ya ji tausayin halitta mai kan giwa. Wanda duk ya ɗauki alƙalami don zana jirgin Bêlit, ana binsa bashin irin wannan kulawa ga mutanen da ke riƙe da filafilai.