Fuskokin da Suka Gaji: Nazarin Zanen "Nijeriya a 1959"

Daga nan Tudun Jukun zuwa Samaru tafiyar mota ce 'yar kaɗan, amma kaɗan ne daga cikinmu marubuta suka san abin da wasu samari suka ƙulla a can a 1958. A shekarar ce ɗalibai irin su Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya, a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Cikinsu akwai Demas Nwoko, haifaffen Idumuje-Ugboko a 1935, wanda zanensa na fentin mai, "Nijeriya a 1959", shi muke son dubawa. Ya yi shi ne a 1960, yana ɗalibi.

Tsarinsa irin na hoton hukuma ne: Turawan mulki zaune a gaba, sojoji baƙar fata tsaye a bayansu. To, sai dai Nwoko ya ƙi yi wa manyan ado. Ya ja fuskokinsu sun yi tsawo, sun koɗe, sun yi yaushi kamar ganyen da ya kwana a rana. Bai zana bulala ko sarƙa ba. Gajiya kawai ya zana, gajiyar mutanen da suka san kujerar ta kusa suɓuce musu. Wannan salo, wato a karkata kamannin mutum da gangan don a fito da abin da ke zuciyarsa, shi ne ƙarfin zanen. Mu da muka saba cika shafi da dogon hanci da dara-daran idanu, har jarumar wannan littafi ba ta da bambanci da ta wancan, ya kamata mu daɗe muna kallon waɗannan munanan fuskoki.

Inda muke da ja shi ne sojojin. Ya nutsar da su cikin duhu, da ƙyar ake rarrabe su. Ana iya cewa duhun barazana ce mai jiran lokaci. A namu ganin, ƙuruciya ce ta sa ya fi sanin yadda zai yi wa mai tafiya ba'a fiye da yadda zai ba mai zuwa fuska.

Duk da haka, a nan ne Nwoko na gaba ya fara leƙowa. Mutanen jere suke kamar 'yan wasa a dandali, haske a gaba, duhu a baya. Da ya gama Zariya a 1961 sai ya tafi Faris koyon tsara dandalin wasan kwaikwayo, ya dawo ya koyar da shi a Jami'ar Ibadan, daga baya ya karkata ga gine-gine. Lambar yabon da aka ba shi a Benis ta Italiya a 2023 ta gini ce, ba ta zane ba.